Ranar da Wandona Ya Yi Kuka a Ƙofar Biki

Har in bar duniya ba na jin zan manta da Asabar ɗin da aka yi walimar auren 'yar yayata a Abuja. Wasu suna tuna ranar saboda naman rago, wasu saboda wani minista ya leƙo ya yi minti goma ya wuce. Ni kuwa ina tuna ta ne saboda a ranar aka tsare ni a bakin ƙofa, da babbar rigata da hulata da turarena, ana tuhumar wandona. Bari dai in faro daga tushe, don in na faɗa muku haka kawai za ku ce taɓin hankali ne da ni.

Shekarun nan ne da arziki ya buɗe a Abuja, duk inda ka waiga gini ake yi, wayar salula kuma ta zama shaidar cewa kai ma mutum ne. Ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, ni ne mai riƙe wa Darakta jadawalinsa, wato ni ake nema in ana nemansa, ni kuma yake nema in ya rasa wanda zai yi wa faɗa. Waya uku gare ni. Ɗaya ba ta da sabis a gidanmu na Kubwa, ɗaya ba ta da shi a cikin ofis, ta ukun kuwa Darakta kaɗai ya san lambarta. Biyu a aljihun wando na dama, ɗaya a na hagu, tun safe har in koma gida. In na zauna a mota cikin cunkoson hanyar Kubwa, haka za su kwanta a cinyata suna ɗaukar zafi, ni ko ina jin kaina wani babba.

Matata Safiya malamar makaranta ce. A lokacin shekararmu shida da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Kun kuma san yadda abin yake a wurinmu, in haihuwa ta yi jinkiri ba wanda yake kallon namiji. Inna, mahaifiyata, tana can Kano tana aiko da rubutu a jarka. Yayata, Yaya Rabi, wadda take zaune a Gwarimpa, ita ce wakiliyarta a Abuja, kuma wallahi ta riƙe muƙamin da gaske. Duk inda ta ji an ce akwai mai magani, sai ta zo ta ɗauki Safiya a mota. Ba muguwa ba ce Yaya Rabi, son mu take yi, sai dai irin son nan da ba ya tambayarka ko kana so. Safiya ta sha saiwa, ta sha sassaƙe, ta yi hayaƙi, ta yi gwaji a asibiti har ta haddace sunayen gwaje-gwajen. Kullum a ce ba a ga komai ba.

Sau biyu Safiya ta taɓa ce mini likitarta ta ce in zo ni ma a duba ni. Sau biyun na hau ta da faɗa. Na ce a gidanmu ba a san wannan ba, Babanmu 'ya'ya goma sha tara ya bari, ni ne ma auta (kamar dai ana gadon abin ne a raba wa kowa kasonsa). Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba.

Amma maganar ta zauna mini a rai. Wata rana na ce wa Darakta zan je gyaran mota, na zarce wani ƙaramin asibiti a Garki inda na tabbata ba wanda ya san ni. Har sunan kakana na bayar a wurin yankar kati, saboda tsabar jarumtaka. Na ba da maniyyi don gwaji, bayan kwana uku na koma karɓar sakamako. Likitan wani dattijo ne mai magana a hankali. Ya juya takardar, ya cire tabarau, ya ce ƙwayoyin haihuwata sun yi kaɗan, waɗanda suke akwai ɗin ma ba su da kuzarin tafiya. Na ce ko dai an haɗa da na wani ne. Ya ce ai ni kaɗai na kawo a ranar.

Bawan Allahn nan ya yi mini bayani tsakani da Allah. Ya ce dalilai suna da yawa: zafi, matsattsen wando, yawan zama, tsohon ciwon da ba a kula da shi ba, ko kumburin jijiyoyin maraina, wanda sai an yi hoto za a gani. Yana cikin magana ɗaya daga cikin wayoyina ta yi ƙara, na zaro ta, ta biyu ma ta ɗauka, na zaro. Ya bi aljihuna da kallo ya tambaye ni nan nake ajiye su kullum. Na ce e. Ya ce waya tana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, wanda 'yan boko suke kira radiyeshan, kuma akwai masu binciken da suke zargin yana raunana ƙwayoyin namiji in ta daɗe kusa da wurin, ga kuma zafinta. Ya nanata cewa ba a gama tabbatarwa ba, amma ba abin da zan rasa in na mayar da su jaka ko kan tebur. Sannan ya ce in dawo a yi hoton, kuma in zo da matata.

A duk wannan dogon bayanin, kalma ɗaya ce ta shiga kunnena, waya. Dalili kuwa, in waya ce, to ba ni ba ne. Na fito asibitin da shiri tsaf a kaina: zan gyara abin a ɓoye, in sake gwaji, in ga ya daidaita, Safiya ta samu ciki, ba wanda zai taɓa sanin an yi. Takardar kuwa na cusa ta cikin wani tsohon fayil a ofis na kulle.

Na mayar da wayoyin jaka, amma hankalina bai kwanta ba. Ka shiga lif, mutum takwas, kowa da waya a aljihu daidai tsayin inda ba ka so. Ka zauna a taro, na damanka da biyu, na hagunka da biyu. Darakta kansa in zai shiga wurin manya sai ya zube mini nasa a cinya ya ce in riƙe. Na zama ina tafiya a baranda ina rakuɓewa jikin bango.

A ofishinmu akwai wani da muke kira Injiniya. Ba injiniya ba ne, tarihi ya karanta, amma ba abin da za ka tambaye shi ya ce bai sani ba. Wata rana muna cin gasasshen kifi a ofis, irin wanda ake naɗowa a foyil, farar takardar nan mai ƙyalli, sai na ce masa wai wani abokina ne yake tambaya ko akwai abin da yake tare tururin waya. Injiniya ya lashe yatsunsa, ya yagi foyil ɗin kifin, ya naɗe wayarsa ruf, ya ce in kira shi. Na kira. Aka ce lambar ba ta samuwa. Ya warware, na sake kira, ta shiga. Ya kalle ni ya ɗaga gira, ya ci gaba da cin kifinsa.

To ni ba zan iya naɗe wayoyina ba, don in Darakta ya neme ni ya rasa, aikina ne zai tafi. Ba zan kuma iya bin mutanen Abuja ina naɗe nasu ba. Sai basira ta zo mini (ina kiranta basira ne don ban san sunan da ya dace ba) cewa tunda ba a naɗe waya, sai a naɗe abin da ake karewa.

Na sayi gajerun wanduna, na ɗora ɗaya cikin ɗaya, na shimfiɗa foyil a tsakani, na bi gefen da salatif, inda ya ƙi zama na danna masa abin maƙala takardu na ofis. A banɗakin ofis nake sawa da safe, in cire kafin in tashi. Jama'a, na sha wuya. Zafin Abuja a waje, ni kuma ga tanda a jikina. Ƙuraje suka feso mini. Tafiyata ta canza, har wata abokiyar aiki ta tambaye ni ko basir ke damuna, na ce e da sauri, don a ganina basir ya fi mutunci. Mafi muni shi ne sallar Azahar a masallacin ofis. In na tafi ruku'u ka ji ƙaras, in na yi sujada ka ji ƙaras-ƙaras. Wani dattijo da yake yawan tsayawa kusa da ni ya taɓa ce mini bayan sallama in daina shigowa masallaci da biskit a aljihu. A gida kuma Safiya ta fara mamakin yadda foyil ɗin kicin yake ƙarewa, na ce ai a ofis ake roƙona.

Nan ne labarin ya daina ba ni dariya, ko yanzu da nake rubuta shi. Ina cikin wata na biyu da wannan shirme Yaya Rabi ta samo labarin wata tsohuwa mai magani a wajen Ushafa. Suka je suka dawo da wata 'yar tukunyar ƙasa cike da jiƙo baƙi ƙirin, a sha safe da yamma. A kwana na uku Safiya ta kama amai da gudawa, ta kwana biyu ba ta iya tsayuwa, sai da aka ƙara mata ruwa. Ni ne na riƙe mata roba tana amai. Ta ɗago idonta jajur ta ce in yi haƙuri, ta san ina ƙoƙari da ita. Na ce ba komai, Allah zai kawo. Haka na faɗa, da bakin nan nawa, takarda tana kulle a ofis. Na ji kunyar kaina a ranar, amma kunyar ba ta kai ta buɗe mini baki ba. Na ce wa zuciyata saura kaɗan, foyil yana aiki.

Da ta warke, Yaya Rabi ta ce tunda na gargajiya ya ƙi, akwai wani asibitin kuɗi da ake yi wa mata wankin mahaifa, an ce in aka yi ciki ba ya wuce wata uku. Safiya tana tsoron abin ƙwarai, ta ce mini ta ji ana sa mutum barci, kuma wata malamarsu ta daɗe tana zubar jini bayan an yi mata. Amma ta amince, don kada a ce ita ce ba ta so. Aka sa ranar Litinin, bayan an gama bikin 'yar Yaya Rabi da kwana biyu. Na san ba ta buƙatar wannan aikin. Kullum in ce yau zan faɗa mata, kullum in dawo gida in tambaye ta me aka dafa.

Ranar Asabar ta zo. Walimar rana ce, a wani babban ɗakin taro a Wuse, kuma ni aka ɗora wa yin jawabi a madadin dangin amarya, tunda ni ne kawunta da ke kusa. Da na tuna ɗaruruwan mutanen da za su cika wurin, kowa da waya biyu ko uku, sai na ga ai yau ce ranar da ake buƙatar kariya ta musamman. Na kulle kaina a banɗaki na yi sabon ɗinki, foyil ninki uku, na ƙara ƙusoshin maƙala takardu don kada ya zame. Na ɗora wando da 'yar ciki da babbar riga ta shadda mai sitaci. Na gwada tafiya, ƙarar shaddar ta rufe ta foyil. Har na yaba wa kaina.

Abin da ban sani ba shi ne, saboda ministan da ake jira, an zuba masu gadi a ƙofa, ga 'yan sanda a gefe, kuma kowa sai an shafa masa sandar nan mai ƙara kafin ya shiga. Lokacin an fara ɗar-ɗar da sha'anin tsaro a gari, ba a wasa da irin wannan. Layin maza daban, na mata daban, amma kafaɗa da kafaɗa. Safiya da Yaya Rabi suna daidai gefena. A bayana akwai dangin ango da suka zo daga Katsina, da Darakta da Injiniya, waɗanda su biyun ni na gayyace su da hannuna.

Mai gadin wani dogo ne, Hausarsa irin ta Abuja. Ya ce in fito da duk abin da ke jaka da aljihu. Na zube waya uku da makulli a tire, ina murmushi irin na kawun amarya. Ya bi kafaɗuna da sandar, shiru. Ƙirji, shiru. Yana sauka ƙasan cibiya abar nan ta ƙwalla ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya ɗaga, ta yi shiru. Ya mayar, ta sake. Ya zagaya ta baya, nan ma haka.

"Oga, wannan wuri tana kuka," in ji shi. "Mene ne ka saka a ciki?"

Na ce ba komai, wataƙila zaren aikin rigar ne. Ya ce zare ba ta kuka. Ya kai bayan hannunsa ya ɗan taɓa cinyata, sai ƙaras. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ja da baya taku biyu, ya ɗaga hannu ya kira ɗan sanda. Mutanen da ke bayana suka fara ja da baya su ma, wani tsoho daga dangin ango yana ta salati. Gumi ya karyo mini, gumin kuma ya jiƙa salatif, salatif ya saki. Ina tsaye ina rantsuwa cewa ni mutumin kirki ne, sai wani ɓallin foyil ya sulalo ta ƙafar wandona ya sauka a kan jan kafet, yana ƙyalli a rana.

Yaya Rabi ta ratso layi tana cewa ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi zai yi jawabi. Ba wanda ya saurare ta. Aka tasa ƙeyata zuwa wata 'yar rumfar tamfol da ke gefen ƙofar, inda shugaban masu gadin yake, wani mai furfura da oba-oba a hannu, wato rediyon nan da suke magana da juna. Ya ce in cire. Na ce don Allah a rufa mini asiri. Ya ce ko in cire a nan ko in cire a caji ofis. Na tattare babbar riga na riƙe da haɓa, na kwance mazagi.

Mutumin nan ya daɗe yana kallon aikin hannuna. Ya zagaya ni sau ɗaya. Ya tambaye ni wane tela ne ya yi, na ce ni ne. Ya ce to me ake gasawa. Na ga dai in ban yi bayani ba a bayan kanta zan kwana, sai na faɗa masa komai da ƙaramar murya, asibitin Garki, abin da likita ya ce, shekara shida, tururin waya. Shi ne mutum na farko a duniya da na faɗa wa. Kuma Allah ya sani ya tausaya mini. Ya dafa kafaɗata ya ce eyya, sannu oga, ƙanensa ma ya yi fama da irin wannan. Ya ce bari ya sallami mutanena da sauri kada a ci gaba da tsorata. Kafin in gane nufinsa ya danna oba-oba.

"Ƙofa, ƙofa, ku kwantar da hankali, ba bam ba ne. Oga ya saka foyil a wando ne don waya kada ta kashe masa ƙwan haihuwa. Likita ya ce nasa ya yi kaɗan, shekara shida babu yaro. Ku bar layi ya wuce. Oba."

Ina tsaye a cikin rumfar na ji muryarsa tana fitowa a waje, daga rediyo uku ko huɗu a lokaci guda, kowanne an ƙure masa murya saboda hayaniyar biki. Sai kuma hayaniyar ta ɗauke ɗif.

Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Ya ba ni baƙar leda na zuba kayan aikina, na ɗaura wando, na fito. Dangin ango kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Darakta ya duƙufa a kan wayarsa kamar yau ya fara ganinta. Injiniya yana kallon sama, kafaɗunsa suna rawa. Wata mata a layi ta toshe baki da mayafi, dariyar tana fita ta hanci. Yaya Rabi ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe, karo na farko a rayuwata da na ga ta rasa abin faɗa.

Duk wannan da sauƙi. Safiya ce ban iya kallo ba. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Ta matso kusa da ni yadda ba wanda zai ji, ta ce, "Yaushe ka je asibitin?"

Na ce wata huɗu ke nan.

"Kafin maganin Ushafa ko bayansa?"

Na ce kafin.

Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafinta, ta shige ciki. Ta yi hidimar bikin nan kamar ba abin da ya faru, ta raba abinci, ta tare baƙi, ta yi hoto da amarya. Ni kuma aka kira ni jawabi. Na hau da takardar da na rubuta tun farkon mako, na buɗe, layin farko yana cewa sirrin zaman aure shi ne kada miji da mata su ɓoye wa juna komai. Na ninke takardar, na ce Allah ya ba su zaman lafiya, na sauka. An ce ba a taɓa jin gajeren jawabin kawu irin wannan ba, har wasu suka yaba.

Bayan La'asar muka kama hanyar gida. Muna fita daga cikin gari na fara magana, na ce tsoro na ji, na ce ina son in gyara ne kafin in faɗa mata. Ta bar ni na gama. Sannan ta yi magana, a hankali, tana kallon titi. Ta ce ita lalurar ba ta dame ta ba, lalura ta Allah ce, da na faɗa mata da ita za ta fi kowa rufa mini asiri. Abin da ya tsaya mata shi ne na riƙe mata roba tana amai ina sane, kuma da ba don mai gadi ba, da jibi zan kai ta a sa ta barci a yi mata aikin da na san ba ta buƙata. Ta ce yau na ji kunyar minti goma har ina neman ƙasa ta tsage, ita shekara shida ke nan duk gidan sunan da ta shiga sai an bi cikinta da kallo.

Na ce ta faɗi duk abin da take so in yi. A raina na ɗauka za ta ce in kai ta tasha ta tafi gidansu, kuma da ta faɗa ba ni da bakin hanawa.

"Ka tsaya a nan," ta ce. "Ka kira Inna. Ka sa yadda zan ji."

Na gangara gefen titi na kashe mota. Wallahi cire wando a gaban mai gadi ya fi mini sauƙi. Inna ta ɗauka a ruɗe, ashe har labari ya kai Kano, amma a karkace, an ce mata an kama Auta da bam a wurin biki. Na ce lafiyata ƙalau. Na ce Inna, akwai maganar da ya kamata in faɗa miki tuntuni. Rashin haihuwar nan daga gare ni ne, likita ya tabbatar, Safiya lafiyarta ƙalau, kuma na sani wata huɗu na yi shiru ana ta ɗura mata magani.

Can Inna ta ce, "Ba ni Safiya."

Na ce tana ji.

"Safiya, 'yar nan," in ji Inna. "Ki yafe mini. Na ɗora miki abin da ba naki ba, kika ɗauka ba ki taɓa ɗaga mini ido ba. Ki yafe mana, don Allah."

A nan ne Safiya ta fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin ta yi ba tun da na aure ta. Motoci suna wucewa, ni ina riƙe da waya a tsakaninmu, hawaye yana zuba a kan shaddata.

Ranar Litinin an je asibiti, amma ni aka kai. Muka koma wurin dattijon likitan nan na Garki, na fara da gyara sunana a kati. Safiya ce ta ba shi labarin foyil, don ni na kasa. Ya cire tabarau ya yi dariya har da tari, sannan ya ce ai wurin nan sanyi yake so, shi ya sa Allah ya ajiye shi a waje, ni kuma na yi wata huɗu ina turara shi. Ya ce in waya tana da laifi, to nawa ya ninka nata. Hoto ya nuna kumburin jijiyoyin da ya ambata tun farko, aka yi mini ƙaramin aiki. Yaya Rabi ta zo dubiya da farfesu, ta kasa haɗa ido da Safiya, sai Safiyar ce ta ja ta da hira. Safiya kuwa ta yi jinyata tsaf, amma ta ɗauki watanni kafin ta koma yi mini dariya kamar da, kuma ban ga laifinta ba.

Masu son jin ko an samu ƙaruwa, an samu, mace, bayan shekara biyu da wani abu. Na tambayi likita ko aikin ne, ko raba waya da aljihu, ko daina turare. Ya ce shi ba zai rantse a kan ko ɗaya ba. Har yau dai ba na sa waya a aljihun wando, kuma duk saurayin da ya tambaye ni ina ce masa ya ajiye ta a jaka, ba abin da zai rasa, in kuma haihuwa ta yi jinkiri ya je a duba shi tun kafin a fara jiƙa wa 'yar mutane saiwa.

Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi da tsada. Na ɓata wata huɗu ina kare kaina daga abin da likita ma bai tabbatar ba, na bar matata tana shan abin da na tabbata yana cutar da ita. Don haka duk maganar da ya kamata iyalinka su ji daga bakinka, ɗan'uwa, ka zaunar da su ka faɗa da wuri, tun kafin wani bawan Allah mai oba-oba ya tausaya maka ya faɗa a madadinka.